Jar Mota da Haihuwar Litinin

Anti Lamduan,

Ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare, don kaina ya ɗau zafi, kuma duk wanda na kai wa kukana sai ya fara yin dariya tukuna.

Na haura arba'in, ban yi aure ba, ina zaune da mahaifiyata a Hang Dong, kusa da Chiang Mai. Aikina ba da magani a wani ƙaramin asibiti da ke Samoeng, can kan dutse, kullum sai na hau dutsen nan na sauko. Motata fara ce ƙarama, ba ta taɓa yi mini laifi ba in ban da nishi. In muka kama hawa sai na kashe mata na'urar sanyi kafin ta yarda ta wuce motar kabeji. Watan jiya na kai ta a sauya mai, ina zaman jira na hango 'yar'uwarta. Kamfani ɗaya, suna ɗaya, amma wannan ƙirar 'yan tsere ce: inji mai ƙarfi, taya mai faɗi, ta ɗan durƙusa kusa da ƙasa. Mai sayarwa ya miƙo makulli wai in ɗana. Anti, kwanar da nake shiga ina riƙe numfashi, motar nan ta lanƙwasa ta kamar ba komai. Na dawo ina dariya ni kaɗai, na ajiye kafin alƙalami ban shawarci kowa ba.

Kala biyu kawai ake yin ta, baƙa da ja. Ja na zaɓa, ni kuwa haihuwar Litinin ce.

Kin san yadda muke, kowace ranar haihuwa da launin da ake cewa yana ja mata tsautsayi, namu 'yan Litinin shi ne ja. Mama ta riƙe wannan da hannu biyu. Tun ina ƙarama ban taɓa sa jar riga ba. Jar lema wata ƙawata ta ba ni, kafin gari ya waye Mama ta kyautar da ita. Har jan silifas sai da aka mayar kasuwa. Duk na haƙura, amma yanzu fa ni ce mai biyan kuɗin wuta a gidan nan!

Da na nuna mata hoton motar, ta ture kwanon shinkafarta ta ce ƙafarta ba za ta taɓa shiga ba. Mai sayarwa ya ce abu mai sauƙi, a liƙa sitika a baya mai cewa motar nan fara ce, yadda rabin garin nan suke yi. Na kawo mata wannan, ta dube ni sheƙeƙe ta ce wai na ɗauka tsautsayi makaho ne, ko kuwa ita ce makauniyar. Daga ranar ta daina shiga har farar ma, wai tana koya wa kanta tun da wuri.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Tana da ciwon suga da na gwiwa, ni ke kai ta ganin likita. Yanzu da sandarta take fita titi ta tare a-kori-kurar haya, ta haye bencin baya. Anti, wace kala ce motocin hayar Chiang Mai? Ja wur! Da na yi magana ta ce ita haihuwar Laraba ce, ja bai san da zamanta ba. To in haka ne me ya hana ta shiga tawa? Satin jiya wajen saukowa ta zame, ƙaurinta ya ɗaye, har yau ciwon bai kame ba, ni kuma na fi kowa sanin abin da miki yake wa mai suga. Yaya Prasit, wanda sai da bikin shekara muke ganinsa, ya bugo daga Lamphun yana ce mini direbar gasa, wai in har jar mota ta shigo gidan zai zo ya tafi da Mama wurinsa.

Kamfani na jiran amsata. In karɓa ko in fasa? Ba na son rasa Mama, amma na gaji da rayuwar da wani ke zaɓar mini har fenti.

Haihuwar Litinin, Hang Dong

*

'Yata Haihuwar Litinin,

Ni ban yi dariya ba, sai dai wajen a-kori-kura na ɗan murmusa, ki yafe mini.

Kina da gaskiya a wuri fiye da ɗaya. Mai hawan dutsen Samoeng kullum ta cancanci motar da ba ta nishi, kuma macen da ta riƙe gida ta riƙe uwa ba yarinya ba ce da za a ƙwace wa lema. Yayanki kuma, da ya rage tsokana ya zo ya kai Mama asibiti ko sau ɗaya, da ya fi.

Amma ki sake karanta wasiƙarki. Inji da taya layi biyu suka samu, ja kuwa ya cinye sauran. Baƙar tana da injin nan da tayar nan, kuma ba ki ce Mama ta ƙi ta ba, da alama ba ki ma tambaye ta ba. Ke ja kike so, kin kuma ɗora shi a kan abu ɗaya da ya fi komai tsorata tsohuwa.

Kin tambayi abin da ya hana ta shiga, alhali ja bai dame ta ba. Ai ta ba ki amsa. Ba kanta take ji wa tsoro ba. Tana ganin 'yarta za ta riƙa shan kwanar dutse a mota mai gudu, a launin da ta yi shekaru tana kare ta daga gare shi. Ba ta da ikon hana ki, ba ta da abin da za ta yi ciniki da shi sai jikinta, shi ne ta sa a gaba. Ko kin yarda da zancen launi ko ba ki yarda ba, tsoronta na gaske ne, mikin ƙaurinta ma haka.

Ga shawarata. Ki kira kamfani ki tambaya ko za su mayar da kafin alƙalamin kan baƙar. Ki bar zancen sitika, kin ga ta ɗauke shi raini. Ki sa Mama cikin lamarin: ita za ta zaɓi ranar fito da mota, ita za ta kai ki wurin malamin haikalin da ta yarda da shi ya sa wa motar albarka. Ki kai ta ta gwada zama a ciki, don mota mai durƙuso ba ta raga wa gwiwa, in tashi ya gagare ta, to ki san da wannan kafin ki sa hannu. Shi kuwa ja, haƙƙinki ne. Ki sayi jar riga, ki sa, ki zauna cin abinci da ita a gaban Mama. Za a yi faɗa, amma faɗan riga ba ya kai kowa gadon asibiti.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan ki gaya mata da bakinki cewa jar mota ba za ta shigo ba, kada ki bari ta ji a wurin Prasit. Kamfani zai iya jira, ƙafar mai suga ba ta jira. Ranar ganin likita ki fito da farar, ki buɗe mata ƙofa, ki tsaya har sai ta shiga.

Ina yi wa Mama fatan samun sauƙi, ke kuma ki riƙa hawa lafiya kina sauka lafiya.

Anti Lamduan