Hannun Saudatu

Maraɗi, 9 ga Fabrairu, 1994

Yaya Zakariya'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Tahira da yara. Yaya Yamai, yaya koyarwa? Mu nan alhamdu lillahi.

Yaya, akwai abin da na ɓoye wata huɗu, ko mijina Tanimu ban gaya wa ba. Hannuna na dama yana rawa. In ina aiki sai ya lafa, da na zauna na aza shi bisa cinya sai babban yatsa ya kama murzawa kamar mai jan carbi. Ka tuna Baba a Tsibiri? Haka nasa ya fara, mutane suka ce iskoki ne, har ya kai sai an ba shi fura a baki. Shekarata talatin da takwas kawai. Ni ungozoma ce, da hannun nan nake karɓar 'ya'yan mutane a matarnite, asibitin haihuwa. Yanzu cikin gyale nake naɗe shi.

Ka sa ni addu'a.

Ƙanwarka, Saudatu

Maraɗi, 27 ga Maris, 1994

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarka ta iso, na kuma bi maganarka: na gaya wa Tanimu, ya kai ni wajen likita.

Likitan ya ce ba iska ba ce, Fakinsan ake kiran ciwon. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya masu yin wani sinadari, dofamin, wanda ke sa gaɓɓai su bi umarni. Akwai kuma wani furotin da ke tsara musu yawan da za su yi. Ya kwatanta mini shi da mai buɗe wa manoman rani ruwa a Jiratawa: in ya daina zuwa, fadama ta bushe. Nawa ya raunana, ƙwayoyin kuma suna ta raguwa. Na tambaye shi ko ana gadonsa. Ya ce wani lokaci ana gado.

Maganin da ya rubuta yana tsayar da rawar, ba ya warkarwa. Tun da aka karya darajar kuɗinmu sefa ya ɓace daga farmasi. Sai da Tanimu ya je Katsina ya samo na wata guda. Da na dawo gida daga wajen likita na ga 'ya'yana su Safiyatu suna cin tuwo, hannuwansu kawai na zauna ina kallo.

Taka, Saudatu

Maraɗi, 15 ga Mayu, 1994

Yaya Zakariya'u,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai da sauƙi.

Maganin ya ƙare, ana yajin aiki, ranar Talata ni kaɗai aka bari a ɗakin haihuwa. Da hantsi aka kawo wata mata, Kyauta, daga ƙauye. Ɗan ya fito cibiya naɗe a wuyansa, ba ya kuka. Na miƙa hannu, Yaya, hannun ya ƙi. Ina ganinsa, ina umartarsa, ya sandare kamar na wani. Uwar ta ɗago kai ta ce, "Malama, mi ya hwaru?" Da hagu na zare cibiyar, na hura masa iska da bakina har ya tsanyara. Ya rayu. 

Washegari na gaya wa shugabar matarnite gaskiya. Ta yi kuka, ta mayar da ni wajen awon ciki. Ba zan ƙara karɓar haihuwa ba.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Jiya na ɗauko wasiƙunka na shekara biyu na jera bisa tabarma. Rubutunka yana ƙanƙancewa, na baya-bayan nan sai na kai shi kusa da ido. Likita ya ce ƙanƙancewar rubutu alamar ciwon ce, nawa ma haka ya yi ban lura ba. Don Allah ka zauna, ka aza hannunka bisa gwiwa, ka sake shi, ka duba. Abin da ka gani ka rubuto mini, kada ka rage komai.

Allah ya tsare mu. A gaida Tahira.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Saudatu