Ranar da Muka Ɗauki Mutuwarka a Kyamara

Zuwa ga yayana Sani, a makwancinsa da ke gabas da gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan Allah Ya yalwata maka inda kake. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Karenka Baƙi ya mutu bara, da tsufansa. Ni ne Nasiru, wanda kake cewa hannunsa bai iya riƙe komai ba sai cokali. To yanzu ya iya riƙe kyamara, kuma abin da kyamarar ta jawo ne ya zaunar da ni rubuta maka wannan.

Ka bar ni ina sakandare. Ban je farautar da aka kashe ka ba, don ba ka taɓa yarda in bi ka daji ba. Abin da na gani da idona shi ne yadda aka kawo ka a amalanke, an rufa maka buhu, jini ya bushe a kunnenka da gemunka, ƙeyarka ta lotsa inda gora ta sauka. Inna ta sa hannu ta tallabo kanka, ta ji ƙashi yana motsi, ta janye hannun.

Labarin da aka ba mu gajere ne. Baƙi ya kama zomo a dajin da ke tsakaninmu da Dutsi, 'yan farautar wani ƙauye suka ce karensu ne ya taso shi, aka shiga ƙwace, wani ya shammace ka ta baya. A kan zomo, Yaya. Naman da ba zai ishi miyar gidanmu ba.

Da na gama makaranta sai na tafi Katsina koyon shirya fim a wurin wata mata, Malama Hadiza. Gajera ce, bakinta ya fi reza. Ta ce kowa ya rubuta labarin da ya tsaya masa a rai, ni kuwa na rubuta naka. Ta karanta a tsaye, ta miƙo mini abina.

"Wannan ta'aziyya ce, ba fim ba. Mutumin nan naka ba ya son komai, ba ya tsoron komai, yana tsaye yana jira a zo a kashe shi. Me ya hana shi sakin zomon ya tafi gida?"

Na ji haushinta ƙwarai. Na sake rubutawa har na gaji, amma amsar ta ƙi zuwa. A takardata kullum kana murmushi kana ba da haƙuri, wani mugu mai jan ido yana lallaɓowa bayanka. Ka san dai kai ba mai ba da haƙuri ba ne, ni ma na sani, amma hannuna ya ƙi rubuta ka yadda kake.

Da ka ga yadda muke dukan mutum a fim, da ka yi dariya har ka faɗi. Gorarmu karan dawa ne, a naɗe shi da soson katifa a shafa masa fenti. Mai duka ba ya taɓa wanda yake duka, sandar tana wucewa nesa da kansa, kyamara ce ake ajiyewa a inda ba za ta ga tazarar ba. Wanda aka daka shi ne mai aikin, shi zai karkata wuya ya zube. Jini kuwa zoɓo ne da zuma da ɗan sitaci, a ƙulle a leda a ɓoye cikin hula. Ƙarar dukan sai daga baya ake sa ta, mu sami kankana mu yi ta jibgarta a gaban makirfo, in an gama mu shanye abarmu. Kuma duk abin da ake yi, da zarar darakta ya ce kat, kowa zai tsaya. Matacce ya tashi ya kaɗe rigarsa, wanda ya kashe shi ya miƙa masa ruwa. Wannan kalmar ce ta fi burge ni a sana'ar nan gaba ɗaya.

Da lokacin fim ɗin gama koyo ya zo, na kafe sai a dajinmu za a ɗauka, kuma da 'yan farautarmu na gaske. Muka gaida maigari, muka gaida shugaban 'yan farauta, kowa ya sa albarka. Amininka Ɗanlami, wanda ya ɗauko gawarka, shi ya ce zai fito a matsayinka. Wanda zai fito a makashinka kuwa Habu ne, abokin karatuna daga Katsina, ɗan tela. Dogo ne mai manyan idanu, fuskarsa sai ka rantse ɗan fashi ne, alhali ko kaza aka ce ya yanka sai ya nemi uzuri. Uwarsa ma da ƙyar ta bar shi ya biyo mu, sai da na yi mata alkawarin zan dawo mata da shi lafiya.

Da hantsi muka taru. Na bi mutanenka ɗaya bayan ɗaya na karɓe gora da barandami da adda, na jingine su a gindin wata tsamiya, na raba musu na soso. Suna ta jujjuya su suna yi mini dariya.

Muka yi ta ɗauka, abu ya ƙi. Mazan da ke kwana a daji da kura sun koma 'yan firamare, wannan yana kallon kyamara, wancan yana ƙunshe dariya, Ɗanlami in ya faɗi sai ya fara duba inda ba ƙaya. Rana ta take, Malama Hadiza da ta biyo mu duba aikin ta fara tsaki. Sai Ɗanlami ya jawo ni gefe.

"Nasiru, mu fa ba ma shiga daji a bushe. Jikinmu ba ya tashi sai da ganga. Aika a ɗauko Baba Ilu."

Ka tuna Baba Ilu, makaɗinku. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma hannun yana nan. Yana ɗora sanda a kan fata na ga abin da ban taɓa gani ba. Dariya ta ɗauke. Kafaɗu suka buɗe, jijiyoyin wuya suka tashi, karnuka suka fara jan igiya. Raina ya yi fari, na ce yau na sami fim. Na ɗaga hannu na ce akshin, a fara.

Komai ya tafi yadda na rubuta. Aka yi ƙwace, Habu ya lallaɓo ta baya, ya ɗaga gorar soso ya sauke. Ɗanlami ya zube, ledar ta fashe, ja ya gangaro ta kunnensa zuwa gemu. Sanye yake da rigar farautarka da Inna ta ara mana.

Baba Ilu na ganin rigar nan a ƙasa sai hannunsa ya sauya. Ya saki kiɗan farauta ya kama takenka, ya buɗe murya da kirarinka: Sani gagara ƙwace, in ka riƙe ba ka saki!

Na ce kat.

Gawa ta tashi, Yaya, amma ba don ta kaɗe riga ba. Ɗanlami ya miƙe zoɓo na zuba a fuskarsa, ya rafka wa Habu gorar soso har ta karye biyu. Habu yana dariya, ya ɗauka ƙari aka yi wa wasan. Ya ɗaga hannuwa yana cewa, "An gama ai, an ce kat." Kafin ya rufe baki wasu sun kai gindin tsamiya sun dawo da gora ta gaske.

Dukan farko a kafaɗa ya same shi. Ƙarar gora ta gaske a jikin mutum ba ta kai ta kankana ba, ƙarama ce, a dushe. Na biyu ya sauka a gwiwa, ya durƙusa. Wani ya saki karnuka, ɗaya ya cafki ƙwaurinsa yana girgiza kai. Suka yi masa zobe, gora na tashi tana sauka, ban ƙara ganin Habu ba sai ƙafafunsa suna shure-shure. Ina ihu, kat, a tsaya, ku tsaya don Allah, wasa ne! Ko ni ban ji muryata ba saboda ganga.

Mutanen nan su ne suka goya ni ina yaro. Akwai wanda ya koya mini hawan keke a cikinsu. Na kama hannunsa, ya wurgar da ni bai ko dube ni ba. Na kutsa ta ƙarƙashinsu na kwanta a kan Habu, gora ta sami damtsena na ji ƙashin ya ce ƙas. Ta gefen kunnena na ga gorar Ɗanlami ta sauka a fuskar Habu, abu mai ɗumi ya fantsamo mini a baki, kuma ba zaƙin zuma a cikinsa.

Malama Hadiza ce ta cece mu. Ba ta nufi masu duka ba, kai tsaye ta je ta fizge sandar kiɗan daga hannun Baba Ilu ta cilla cikin ƙaya. Ganga na yin shiru hannuwa suka tsaya a sama. Suka tsaya suna haki suna kallon juna kamar waɗanda aka tasa daga barci. Ɗanlami ya dubi gorar da ke hannunsa, ya sake ta, ya zauna daɓas a ƙasa.

A babur muka kai Habu asibiti a Daura, an sa shi a tsakiya kansa na lilo. Ya rayu, alhamdu lillahi. Haƙarƙari biyu sun karye, ƙafa ta sha ɗinki, idon hagu kuwa ya tafi ke nan. Uwarsa ta zo ta zauna a bakin gado, ta dube ni da hannuna a ɗaure, ta ce, "Sannu, Nasiru, kai ma ka ji jiki." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari Baba Ilu ya zo dubiya, jikansa na jan sa. Ya tsuguna a baranda bai iya shiga ba. Da na fito sai ya riƙe gefen rigata.

"Ɗan nan, ranar ma ni na kaɗa. Yayanka ya riga ya saki zomon, ya juya zai tafi. Na ga za a ce an ƙwace wa garinmu nama, sai na kama takensa. Ya tsaya. Ya waiwayo. Shi ya fara fasa kan wani kafin a same shi."

Ashe ka saki, Yaya. Ashe ka juya, fuskarka tana kallon gida. Na tsaya a barandar nan ina jin daɗi da haushi lokaci guda, ban san wanda ya fi ba. Ka yi hankalin da zai dawo da kai wurin Inna, fatar akuya da muryar tsoho suka karɓe maka shi.

Kyamara kuwa tana kan ƙafafunta, ba wanda ya tuna ya kashe ta. Ta ɗauki komai. Malama Hadiza ta kalla sau ɗaya ta rufe kwamfutar, ta ce wannan ba na kasuwa ba ne, amma akwai waɗanda ya kamata su gani. Na kai bidiyon zauren maigari, aka tara mutanenka, na kunna.

Da aka zo inda Ɗanlami ya ɗaga gora a kan fuskar Habu, sai ya ce in tsayar. Na tsayar. Ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya daɗe yana kallon kansa, baki a yage, idanu sun firfito.

"Wannan fuskar na san ta," in ji shi. "Ita ce ta mutumin da ya kashe Sani. Shekara da shekaru ina ganinta, na ɗauka tasa ce shi kaɗai."

Ya tashi ya fita ba takalmi. Yanzu kowace Juma'a yana hawa mota zuwa Katsina, ya zauna a ƙofar shagon mahaifin Habu. Habu bai fara yi masa magana ba tukuna, amma bai kore shi ba.

Na koma kan rubutun, kuma wannan karon hannuna ya yarda. Ka saki, ka juya, ka ji takenka, ka dawo. Wuri ɗaya ne har yau na kasa, inda za a matso da kyamara kusa da fuskarka lokacin da ka waiwayo. Ni fuskar da na sani ita ce ta mai tsokanata a kan tuwo, mai ɓoye mini cinyar zabo a aljihu. Ina tsoron ɗayar, Yaya, don na riga na gan ta a zauren maigari. Amma zan ɗauke ta, ina kuka zan ɗauke ta, don akwai yara a garinmu da suka fara riƙe gora suna jiran a yi musu take.

Allah Ya gafarta maka, Ya yafe maka jinin da ka zubar, Ya bi maka haƙƙin naka. Allah Ya ba Habu haƙurin idonsa, Ya ba uwarsa ladan abin da ta haɗiye. Wanda ya buge ka ma, in yana raye, Allah Ya shirye shi. Ban taɓa iya yi masa addu'a ba sai yau.

Ƙanenka mai kewarka,
Nasiru