Ba Zan Hana Malamaina Shuka Ba

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajara da yara. Yaya aikin masaƙa da zaman Kaduna? Mu nan Toranke lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Na ji an ɗora ka a kan ma'aikata. Kada ka ɗauka, kamar yawancin mutane, cewa gini mai kyau ne ke sa wurin aiki daɗi. Bana na tsara cewa in ruwan shuka ya sauka, malamaina su riƙa zuwa gonakinsu bi da bi, sauranmu mu riƙe azuzuwa. Makon jiya sufeton makarantu ya zo daga Gaya, ya tarar da ni a ajin Malam Idi, shi kuwa yana gona. Ya ce in ban daina ba, zai sauke ni daga hedimasta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaye su tukuna."

Ya tara su, ya yi musu tayin komawa wata sabuwar makaranta mai ginin siminti. Malam Garba ya ce, "Yallaɓai, a can wa zai riƙe mini aji in ruwa ya sauka? Simintin ne zai ciyar da yarana?" Babu wanda ya karɓi tayin.

Ya tafi a fusace, har yau ban ji hukuncinsa ba. Ko zai sauke ni, gobe Malam Garba ne da shuka, ni kuma ina ajinsa.

Kai ma tara mutanenka ka tambaye su, sannan ka yi shiru ka saurara. A sa mu a addu'a, ka gai da Kawu Bala.

Yayanka,
Usman