Kunyar Ƙanƙara

Litinin, 3 ga Fabrairu
An ba ni shugabancin shimfiɗa hanyar katako a fadamar da ke ƙarƙashin ƙanƙarar dutsen Rwenzori. Ni Kyakimwa, da maza tara a ƙarƙashina! In damina ta riga mu, ofis zai miƙa wa wani aikin. Daɗi kamar in taka rawa.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Kawu Thembo, dattijon cikinsu, ya fara. Shekara talatin yana dako a dutsen nan, don haka komai ya sani. Wai mu zagaya ta kan dogon tudun duwatsun da yake kira kunyar ƙanƙara, don ya yi kama da kunyar gona. Na ce miƙewa za mu yi ta tsakiya, ya fi kusa.
"To, shugaba," in ji shi, yana ta tuƙa tuwon rogo. Wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Turaku huɗu muka kafa jiya. Yau ko kansu ba a gani.

Talata, 11 ga Fabrairu
Na nutse a laka har ƙugu. Kawu ya jawo ni, takalmina ɗaya ya zauna can. Wai in bar shi, ƙila ya tsiro. Har ni sai da na yi dariya.
Malama Apio, mai auna ƙanƙara duk shekara, ta tsaya shan shayi. Ta ce a da can ƙanƙarar ta sauko har nan, tana turo tsakuwa da manyan duwatsu a gabanta. Da ta narke ta ja baya, sai ta bar tulin, shi ya tare ruwa ya zama fadama. Tsakiyar laka ce zalla mai zurfin gaske, tudun ne kawai ke da gindi.
Kawu dai ya ƙara mata sukari har cokali uku.

Juma'a, 14 ga Fabrairu
Mun koma kan tudu. Katako ne ya kusa ƙarewa, shi ke nan dalili.

Alhamis, 27 ga Fabrairu
Mun gama, ga hadari yana haɗuwa. Mutumin ofis ya taka hanyar, ya yi tsalle a kai, ya ce an bar mini aikin baɗi. Ya tambayi wa ya zaɓi bin tudu. Kawu ya yi wuf ya nuna ni.
Na bar shi a haka. A takardar rahoto dai, wurin sunan mai tsara hanya, na rubuta Thembo. Ba ya karatu, ba zai taɓa sani ba.