Inna, Yau Na Kunna Kyamara

Dayi, ranar Talata, ƙarfe biyu da rabi na rana, tsakiyar watan Nuwamba. Ina zaune a ɗakinki, kwamfuta tana buɗe a gabana, kuma ba a fi awa ɗaya ba da kamfanin da nake yi wa aiki ya rufe mini shafina.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da ni'imar makwanci. Baba yana lafiya, ƙannena ma haka. An kawo masara gida, ana casar waken suya, dawa ce kawai ta rage a gona. Na san masu bibiyar shafina na sada zumunta za su karanta wannan, kuma za a sami wanda zai karanta wa Gwaggo Lami. Su karanta. Da ke nake magana.

Kin tafi ina aji uku a jami'a. Na gama, Inna, na fito da digirin Turanci, yanzu ina jiran kiran hidimar ƙasa. A cikin jiran ne na sami aikin koyarwa ta intanet. Ɗaliban jami'o'in ƙasar Caina nake shiryawa don wata jarrabawar Turanci da suke yi sau biyu a shekara, Yuni da Disamba. Akwai rubutu a ciki, akwai karatu, akwai fassara, akwai kuma sauraro, inda ake kunna musu murya sau ɗaya tak a na'urar kunne, ba maimaici. Masu ɗaukar aiki a can suna duba sakamakon. Sai da na bincika duk wannan kafin in ce na karɓa, kin san halina.

Ban taɓa ganin ofishin kamfanin ba. Wakilinsu ɗan ƙasar nan ne, muryarsa kawai na sani. Tun farko ya ce in bar kyamara a kashe saboda raunin sabis, kuma sunan da zai fito a allo Emili ne. Da na ga su ma ɗaliban kowa da sunan Turawa na aro, sai na ɗauka al'adar ajin ce. Duk da haka na tambaye shi ko wata rana za a ce in faɗi cewa ni 'yar wata ƙasa ce. Ya ce sam, ba wannan maganar.

A cikin ɗalibaina akwai wadda ke amsa Lusi. Injiniyanci take karantawa, ta zauna jarrabawar a watan Yuni ta faɗi, kuma sauraro ne ya kayar da ita. Idan kalma ɗaya ta kuɓuce mata sai ta tsaya nemanta, kafin ta dawo hayyacinta murya ta yi nisa. Ina jin yadda numfashinta ke sauyawa ta cikin waya. Na gane ciwon, domin nawa ne. Kin tuna yadda nake kasa karyawa duk safiyar jarrabawa, har ki dama mini kunun kanwa ki ajiye a bakin ƙofa ki wuce kamar ba ke kika ajiye ba.

Darasinmu ƙarfe ɗaya na rana ne, takwas na dare ke nan a wurinsu. Daidai lokacin ne Malam Sani ke tayar da injin niƙansa a bayan katangarmu. A satin farko na zaga na roƙe shi ya ɗan jinkirta. Ya dube ni, gari duk ya rufe masa gira, ya ce, "Malama, in kashe inji saboda 'yan Caina? Ai injin ma daga can aka kawo shi. Ki bar su su gaisa da ɗan'uwansu." Matan da ke layi suka yi ta dariya. Na dawo na toshe taga da bargo, ina koyarwa ina zufa, ƙarar kuma ba ta fasa shigowa ba.

Ana haka sai na tuna lokacin da kike aikena wurin injin nan da ƙwaryar dawa a kai, da saƙo zuwa ga wata a cikin matan layi. Nakan dawo ina kuka in ce ƙara ta hana ni jin amsarta. Wata rana kika ce, ba tare da kin dube ni ba, "Ba sai an ji duka ba. A ji wa, a ji ina, a ji yaushe, a taho." Washegari na cire bargon na buɗe taga. Na ce wa Lusi daga yau a kan wannan ƙarar zan riƙa karanta mata, ta saki kalmar da ta wuce, ta kama mutum da wuri da lokaci. Ta tambayi ƙarar mene ce, na ce injin niƙa. Ta yi dariya ta ce akwai irinsa a ƙauyen kakarta, su ma masara suke nomawa. Kwanakin farko ta sha wuya ƙwarai. Daga baya ta ce idan ta kunna gwaji a ɗakin karatu inda ba hayaniya, sai ta ji kamar mai maganar yana jiran ta ne.

Ashe kamfanin yana naɗar darussan. Ranar Alhamis da ta wuce wakilin ya kira ni. Ya ce sun ji inji, sun ji zakara, sun ji kiran salla. Ya ce iyayen yaran muryar Bature suke nema, don haka ga sabon tsari: za a liƙa hoton wata Baturiya a gefen sunan Emili, in sami ɗaki mara ƙara, kuma idan an tambaye ni in ce a wani gari nake a Ingila. Har bayanin garin ya turo mini in haddace, da ruwan samansa da jiragen ƙasansa. Na tuna masa abin da ya faɗa mini da farko. Ya ce, "Ƙanwata, Turancinki ba laifi. Fuskarki da garinku ne ba sa sayuwa. Kowa ya yarda sai ke?" Ya ba ni zuwa Talata.

Da maganar ta kai kunnen Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, sai ga ta har tsakar gida. Ba ta ko zauna ba ta ce, "Yo ke, uwar da ta haife ki ma ba ta taɓa kiran sunanki ba har ta koma ga Allah, sai yanzu suna zai dame ki? Su kira ki Emili, su kira ki Akuya, ke dai ki riƙe aikinki. 'Yan digiri nawa ke zaune a garin nan suna ƙirga motoci a bakin titi?" Baba yana alwala a gefe. Sai da ya gama ya ce, "Ni dai ban yanka rago don Emili ba." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Gwaggo ba ta yi ƙarya ba, Inna. Ni ce 'yar farinki, kuma sunan surukarki aka sa mini, kunya ta zama biyu. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan", ko "waccan".

Na tuna ranar da kika kai ni asibitin Malumfashi ina zazzaɓi, ma'aikaciya ta tambayi sunan yarinya. Kika sunkuyar da kai kina wasa da bakin gyale, ita kuma tana ta ƙwanƙwasa biro a tebur, har sai da ni da kaina na faɗa, haƙorana suna kaɗawa.

Na tuna ranar rabon kyaututtuka a sakandare. Can baya kika zauna. Da aka kira ni a lasifika, na hango kin ja gyale kin rufe fuska. A hanyar gida ba ki ce komai ba, amma a tasha kika sayi rake kika miƙa wa ƙanena kika ce ya ba yayarsa.

Har a kwanciyarki ta ƙarshe a asibitin Funtuwa, "ku kira mini waccan" kika ce, kuma duk ɗakin ba wanda ya tambayi wacce.

Na yi kwana huɗu ina juya maganar Gwaggo, ga kuma inda na tsaya. Ke kin riƙe sunana a ciki ne saboda ya yi miki nauyi a baki, kuma duk Dayi ba wanda ya taɓa ruɗewa game da ko 'yar wace ce ni. Ba ki taɓa yaudarar kowa da shirunki ba. Su kuwa kunyar garinmu suke ji, suna so in taya su jin ta, in kuma yi wa yarinyar da ta amince da ni ƙarya da bakina. Ba zan haɗa naki da nasu a ma'auni ɗaya ba, ko da Gwaggo za ta shekara tana faɗa.

Kada ki ɗauka ban ji tsoro ba. Tun Alhamis abinci ba ya shiga sosai. Aikin yana damuna, amma Lusi ta fi damuna, domin kusan wata ɗaya ya rage mata. Idan na yi magana za su cire ni, ta koma farawa da baƙon malami a ƙurarren lokaci. Dokarsu ta hana malami da ɗalibi musayar lamba, na amince da wannan dokar tun farko, ban kuma karya ta ba. Ga shi a darasin da ya wuce ta tambaye ni sunan garinmu mai injin niƙa, na ce ta bari sai Talata.

Yau ƙarfe ɗaya na wanke fuska, na sa hijabi, na buɗe taga, na kunna kyamara. Na ce mata sunana Zulaihatu, garinmu Dayi a jihar Katsina, Najeriya. Na ce Hausa na buɗi baki da ita, Turanci kuwa a aji na koye shi, da alli da kuskure, kamar yadda take koyo. Na gaya mata an ce in faɗi wani abu daban, na ƙi, kuma mai yiwuwa wannan ne darasinmu na ƙarshe. Na ce idan ta ga an cuce ta, tana da damar kashewa, ba zan ji haushi ba.

Ba ta kashe ba. Sai ga nata hoton ya bayyana. 'Yar ƙarama ce mai tabarau, tana zaune a kan gado mai hawa biyu, kayan wanki suna rataye a bayanta. Ta ce sunanta Meilin. Ta gwada nawa, ya karye mata a tsakiya, ta sake gwadawa. Sannan ta ce, "Ke ma koya kika yi? Ashe ana iyawa." A daidai nan Malam Sani ya ja igiyar injinsa. Ta ɗauki biro ta ce, "Malama, ya tashi, mu fara."

Na karanta mata labarin gwaji a kan ƙarar, da saurin da ake yi a jarrabawa, sau ɗaya. Na shiga tambayoyi, tana amsawa daidai, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsaya neman komai ba. Na karanta ta ƙarshe, na ga ta buɗe baki, sai allon ya yi fari. Rubutu ya fito cewa an dakatar da shafina.

Wakilin ya turo saƙo yana cewa na ɓata wa kaina. Na amsa masa cewa ban karya ko ɗaya daga abin da na amince da shi ba, abin da ban amince da shi ba ne na ƙi. Masu shirin rubuta mini a ƙasan wasiƙar nan cewa na yi wauta, na riga ku lissafawa, na san abin da na rasa. Gobe da safe zan hau mota zuwa Funtuwa, inda sabis ya fi ƙarfi, in nemi wani wurin koyarwa da sunana da hotona da sunan garinmu. Idan sun ƙi, in nemi na gaba.

Ga abin da ban sani ba, don kada in faɗa miki fiye da abin da na tabbatar. Ban sani ba ko mutum ne ke sauraronmu a lokacin ko na'ura ce ta yanke. Ban san abin da za su gaya wa Meilin game da ni ba. Ban sani ba ko sabon malaminta zai gane cewa tsoro ne matsalarta, kunnenta lafiya lau. Ban sani ba ko akwai wurin da zai ɗauke ni a yadda nake. Ban sani ba ko za ta ci a watan Disamba, kuma ba ni da hanyar da zan ji. Ban kuma san amsar da ta buɗe baki za ta ba ni ba.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yarinyar nan ta can nesa, Allah Ya kwantar mata da zuciya ranar da za a kunna muryar. Ni kuma Ya ba ni abin yi wanda ba sai na ɓoye fuskata ba. Amin.

Wassalam. Taki har kullum,
Zulaihatu