Muryar Kaka a Cikin Kwamfuta

Shabu, 4 ga Maris

Zuwa ga Kawu Salmanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da su Inna da mutanen Awe baki ɗaya.

Kawu, kwamfutar da ka saya mini ta mutu, ko wata biyar ba ta cika ba. Ina cikin rubuta aikina na ƙarshe a makaranta ta ɗauke ɗif. Na kai wa Aondofa mai gyara a cikin garin Lafiya. Ya juya ta, ya saurara kamar likita, ya ce, "Zuhra, madabod ɗinsa ne ya mutu. In na buɗe shi, garanti ya tafi. Abeg, kai wa kamfani." Madabod shi ne babban allon da ke cikinta, wanda komai ke jone a jikinsa.

Kamfanin ya ba da zaɓi biyu. Ko su tura ta Legas a gyara, wata biyu ko uku, ko mu mayar musu da ita yadda take su ba mu kuɗinmu cikin mako guda. Da yake sunanka ne a rasit, kai za ka sa hannu. Ga takardar nan na ba direba. Ni dai gyara nake so.

'Yarka,
Zuhra

Awe, 7 ga Maris

Zuhra,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, kowa lafiya.

Ki karɓi kuɗin. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa ganin abin da ya fara cuta yana sabo ya yi ƙarko ba. Rediyona ma sau huɗu ana gyara shi, yanzu sai na mare shi yake magana. Ga shi kuma aikinki na jira. Tsuntsu ɗaya a hannu nake so, ba alkawarin mutanen Legas ba. Ban sa hannu ba tukuna don ban ga inda ake zaɓa ba, rubutun nasu ƙanana ne kamar tururuwa. Na mayar miki da takardar, ki nuna mini wurin.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Salmanu Mahmuda

Shabu, 10 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa da ban girma. Na yi dariyar rediyo, amma akwai abin da na ɓoye maka, kuma yau dole in faɗa.

Ka tuna lokacin ranin bara da na yi mako guda wurin Kaka Lami ina tambayarta aikin gishiri? Na ɗauki muryarta. Awa shida tana bayani: yadda ake kankare ƙasa, a tace, a dafa, har da waƙoƙin da mata ke yi a bakin tukunya. Wayata ta cika, sai na mayar da komai cikin kwamfutar na goge na waya. Wautata ke nan. Babu shi a ko'ina kuma.

Ba aikin makaranta ne damuwata ba, wannan zan buga shi a shagon Aondofa daga littafina. Ranar ƙarshe da na yi wurin Kaka, tana juya gishiri, na tambaye ta wa ya fi taimaka mata a duniya. Ta leƙa ƙofa ko wani na jin ta. Sannan ta ce, "Salmanu." Kawu, da bakinta. Kai da kanka ka sha gaya mana cewa saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai "wancan" ko "malamin nan". Sau uku ta faɗa a ranar, ta kuma yi magana a kanka mai tsawo.

Na so in kunna maka bayan rasuwarta, sai na ga idonka na kasa. Na ce sai zuciya ta yi sanyi. Ban san kwamfutar za ta riga ni ba.

Na tambayi matar kamfanin. Ta ce in an gyara, allon kaɗai za a canza, yawanci abin da ke ciki yana dawowa, amma ba za su yi rantsuwa ba. In kuwa muka karɓi kuɗi, goge komai za su yi. Gaskiya tsoro nake ji. Na sa jar alama a gefen zaɓin biyu. Abin da ka yanke shi zan bi.

Ka yafe mini.

Zuhra

Awe, 13 ga Maris

Zuhra,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki sau biyu, na biyun a ɗakin Kakarki.

Na sa hannu a gyara. Ko shekara za su yi, ina jira. Gobe zan shigo Lafiya da motar farko mu kai musu kwamfutar tare, ina so in ga fuskar wanda zai karɓe ta.

Roƙona ɗaya. Kada ki gaya mini sauran abin da ta faɗa, ko na matsa miki. Shekarata sittin da huɗu. Ina so in ji daga bakinta.

Kawunki,
Salmanu