Ambulan Ɗin da Ya Shekara a Cikin Kula

Anti Chilang,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki buga sunana. Kin san garinmu Inarajan na kudancin tsibirin nan, ko tari mutum ya yi, kafin ya rufe baki an kai wa uwarsa labari. Ni ba ƙarar miji na kawo ba kamar yawancin masu rubuto miki. In ma ƙara ce, to kaina na kawo.

Mijina zan kira shi Efren, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Mutumin Iloilo ne, can Filifin, walda yake yi. Na san shi ne lokacin da ya zo gyara mana ƙofar gida bayan wata guguwa, aikin yini ɗaya ya ɗauke shi mako guda, kullum sai ya gano wani ƙarfen da bai zauna daidai ba. Mahaifina, Tata, shi ya fara harbo jirginsa, ya ce mini ƙofar nan ba za ta gyaru ba sai na amsa gaisuwar mai gyaran. Yanzu mun kusa shekara huɗu da aure, da 'yarmu ɗaya mai shekara biyu, muna zaune a ɗan gidan da ke bayan na iyayena. Ban san me zan ce miki ba, Anti, ni dai na dace. Mutum ne mai waƙa in yana wanke-wanke, muryar ba daɗi amma ba ya fasawa. Mahaifiyata, Nana, "ɗana" take kiransa, 'ya'yanta maza uku na cikinta kuwa sai ta ce "waɗancan". Da Tata ya kwanta ciwo, Efren ne yake ɗaga shi, shi ke yi masa wanka da aski, har Tata ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi in ba shi ba.

To bayan aurenmu aka ba shi katin izinin zama a ƙasa na shekara biyu, irin mai sharaɗin nan. An gaya mana a cikin kwana casa'in na ƙarshe kafin ya ƙare dole mu biyu mu sake cika takarda tare, mu nuna auren na gaske ne, sannan a ba shi na dindindin. Da kunnena na ji. Muka ce to, muka fito muna murna, muka wuce cin abinci. Abokan aikinsa duk katin shekara goma gare su, a hankali sai abin ya zauna mana a kai kamar shi ma irinsa ne.

A watan Satumbar bara Tata ya rasu. Ni ce babbar 'ya mace, kin kuwa san abin da hakan ke nufi. Kwana tara ana taruwa jan carbi kowace yamma, wasu daga Yigo, wasu daga Malesso, ga dangin da suka sauka daga Saipan, kuma ba wanda zai tafi bai ci ba. Efren ya haɗa rumfuna, ni kuma girki da rabon aiki suka dawo kaina. Ana cikin haka na biya gidan waya. Akwati ɗaya muke amfani da shi tun wanda Tata ya buɗe kafin a haife ni, mu wajen goma sha bakwai, har da 'yan'uwan da suka koma Kalifoniya tuntuni. Na kwaso wasiƙu rungume guda na watsa a mota. Da na iso gida mata suka rufe ni, kowa na tambayar ranar girkinta, sai na zari ambulan ɗaya na kife shi a kan mota na rubuta: wance jar shinkafa ranar Talata, wance kaza da kwakwa, wance kifi. Wallahi ban ko duba gabansa ba. Da aka gama zaman makoki aka ce wata guguwa na tafe, Nana ta tattara duk wata takarda da ke gidan, da katunan ta'aziyya da komai, ta zuba a tsohuwar kula ta ɗaure da igiya kamar yadda ta saba. Guguwar ta kauce mana, kula kuma ta yi zamanta a ɗakin ajiya.

A watan jiya kamfaninsu Efren ya sami aiki a cikin sansanin soja, aka ce kowa ya kawo katinsa a yi masa takardar shiga. Nan matar da ke dubawa ta gaya masa nasa ya mutu tun Disamba, wata takwas ke nan. Kamfanin ya ce ya ɗan zauna a gida tukuna. Ya dawo ya zauna a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba, ya kira ni da sunan shagwaɓar da yake kirana, ya ce, "Neni, sama da shekara biyu katin nan yana aljihun bayana, kullum a kansa nake zama, ban taɓa karanta shi ba. Wane irin jaki ne ni?" Na rarrashe shi, na ce ai ba su aiko mana da tuni ba, da sun aiko da mun sani. A lokacin da gaskiyata na faɗa.

Gida kowa ya tashi da nasa maganin. Ƙanena mai suna Kin ya ce, "Kwantar da hankalinka, suruki, in sun zo sai mu ɓoye ka a gona tare da aladu, ba wanda zai gane bambanci." Nana ta kai masa duka da ludayi, ta juya ta ce wa Efren, "Ɗana, ci abinci. Mai ɗauke ka daga gidan nan sai ya fara ɗauke ni, ka kuwa ga ni ba na ɗaukuwa." Washegari ta cika faranti ta kai wa magajin garinmu, don ita a wurinta ba abin da ya fi ƙarfinsa, tun daga fitilar titi har rikicin iyaka. Ya ci, ya yi godiya, ya ce mata wannan ba a hannunsa yake ba, a nemi lauya. Kawuna Tun Ben kuwa cewa ya yi a bar kaza cikin gashinta, wai wa zai sauko kudancin tsibiri neman mai walda ɗaya.

Ga inda tawa ta same ni. Muna shirin addu'ar cikar Tata shekara, sai Nana ta ce in nemo tsarin girkin bara, don kada a sake ba dattijuwar nan Tan Marikita dafa shinkafa, bara ta ƙona ta. Na kwance kula, na tono ambulan ɗin, ga rubutuna a baya. Na juya shi. Sunan Efren ne, daga hukumar shige da fice, ko buɗe shi ba a yi ba. Wasiƙar tunin ce, Anti. Ta zo a kan lokaci, a hannuna ta sauka.

Yau kwana goma sha ɗaya tana cikin jakar da nake zuwa makarantar da nake koyarwa. Ban gaya wa kowa ba. Mun sami lauya, ranar Alhamis mai zuwa za mu gan ta, kuma ta ce mu zo da dalilin jinkirinmu a rubuce, mu biyu mu sa hannu. Efren har ya rubuta nasa da kyakkyawan rubutunsa, wai ba mu sami wata sanarwa ba, kuma shi ne ya manta. Ya daina waƙa. Duk da haka kullum shi ke ba ni haƙuri, wai ya jawo mini tashin hankali ina cikin jimamin mahaifina. Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro. Rayuwata daɗi gare ta, ban taɓa neman wadda ta fi ta ba, ga shi da hannuna na taɓa ta.

In ƙone ambulan ɗin in sa hannu a yadda ya rubuta? In na faɗa masa, me zai canja ban da ya kalle ni da wani ido? Abin ma yana gyaruwa kuwa? Sannan mahaifinsa zai cika saba'in a Disamba, ya yi masa alkawarin kai masa jikarsa, ko zai iya zuwa ya dawo? Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

Taki,
Mai Rabon Girki, Inarajan

*

'Yata Mai Rabon Girki,

Allah ya ji ƙan Tata, ya ba ku haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariyar Nana da farantinta, kuma ban ga gidan da ya rushe a ciki ba. Takarda ce ta makara, sai magana ɗaya da ta maƙale miki a wuya.

Ni ba lauya ba ce, duk inda maganata ta saɓa da ta lauyarku, ki bi tata. Amma iya sanina, ƙofa ba ta rufe ba. Ana karɓar takardar ma'aurata ko bayan wa'adi ya wuce, in sun kawo dalili mai ƙarfi a rubuce, kuma jami'in da ya duba shi ke yanke ko dalilin ya isa. Ba zan yi miki alkawarin sakamako ba. Abin da na tabbata shi ne kowane mako da ya ƙaru yana ƙara wa bayaninku nauyi, don haka kada Alhamis ɗin nan ta wuce ku. Tun Ben a gaishe shi da ladabi, a ba shi abinci, a bar masa shawararsa. Wanda katinsa ya mutu ana iya kiransa gaban alƙali ko yana arewa ko yana kudu. Gobe ma ki koma gidan waya ki zazzage akwatin nan, ki sake zazzage kular Nana, ko wata takardar ta biyo bayan ta farko. In akwai, ranar da ke cikinta ta fi komai muhimmanci. In ƙura ta lafa ku buɗe akwatinku na kanku.

Tafiyar Disamba a ajiye ta. Fita da sauƙi, dawowar ce ba tabbas. Kada ya taka jirgi sai lauya ta ce masa ga takardar da za ta dawo da shi, haka ma batun komawa aiki. Tsoho zai fi son ya ga jikarsa a makare da a ce ganinsa ya raba ta da ubanta.

Yanzu ambulan. Kada ki ƙone shi, kada kuma ki sa hannu a kan cewa sanarwa ba ta zo ba. A watan jiya da kika faɗi haka kuskure ne, in kika rubuta shi yau ya zama ƙarya a takardar hukuma, su kuwa suna da shaidar ranar da suka aiko. Jinkiri ana yafe shi, ƙarya ce ke kashe irin wannan magana. Ki ma dubi abin da ke hannunki da kyau. Hatimin gidan waya na makon da mahaifinki ya rasu a gaba, tsarin ciyar da masu makoki da rubutunki a baya. In aka haɗa shi da takardar rasuwa, da na asibiti, da wasiƙar fadan cocinku, ban san wani bayani da ya fi shi nuna halin da gidanku yake ciki a lokacin ba. Ki kai wa lauya shi yadda yake, ita ta san yadda za ta yi da shi. Ku haɗa da takardar haihuwar yarinya, da hotuna, da duk abin da ke ɗauke da sunayenku tare, da shaidar maƙwabtan da suka ga yadda ya yi jinyar surukinsa.

Batun laifi kuwa, kin ɗora wa kanki fiye da rabonki. Wasiƙar nan tuni ce kawai, ko ba ta zo ba wa'adin yana nan, an rubuta shi a jikin katin da mijinki ya ce a kansa yake zama. Ku biyu kuka ji sharaɗin, ku biyu kuka manta. Macen da ke binne ubanta tana ciyar da rabin tsibiri, in ta kife ambulan ta yi rubutu, ba ta ci amanar kowa ba. Amma ba zan wanke ki tas ba. Kwana goma sha ɗayan nan naki ne ke kaɗai. Kina kallon bawan Allah yana ba ki haƙuri, kina karɓa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, 'yata.

Ki gaya masa kafin Alhamis, ku biyu kawai, ba a gaban lauya ba, ba kuma inda Nana za ta sa baki ba. Ki miƙa masa ambulan ɗin a hannu, ki faɗi ranar da kika gano shi, kada ki rage ko kwana ɗaya. Mai yiwuwa ya yi fushi, kuma in ya yi, ɓoyewar ce za ta fi yi masa zafi, ba mantuwar ba. Ki bar shi ya yi, yana da haƙƙi. Kin tambaye ni me faɗar za ta canja. Wata guda ke nan mijinki yana kwana yana tashi da tunanin shi kaɗai ya jefa matarsa da 'yarsa cikin wannan hali. Kaya na mutum biyu ne, ki je ki karɓi naki.

Allah ya sa a dace, ya bar ku tare a gidanku, ya raya muku yarinyar.

Anti Chilang